Jerin da Fausto Ya Ɗora wa Rumfar Yayarsa

A garinmu Cayambe duk wanda ya taɓa riƙe sukundireba a gaban jama'a ya zama Injiniya, amma Fausto Imbaquingo kaɗai na sani da ya sa aka rubuta kalmar a jikin ƙofar motarsa, hagu da dama. Tare muka yi makarantar koyon aikin kwamfuta a Ibarra, kujerarsa tana bayan tawa, don haka in na yi maganarsa ba a kasuwa na tsinto ba. Ni na gama. Shi ya bar aikin ƙarshe a tsakiya, ya dawo gida ya ce takardar shaidarsa tana hanya. Har yau tana hanya, ga shi furfura ta fara fito masa a gemu. Ibarra kuwa ko bas mai tsaye-tsaye ka hau da safe, kafin rana ta yi tsaka ka iso.

Ba zan ce bai iya komai ba, don ƙarya zan yi. Yana da saurin hannu, in ya zauna gaban na'ura abu yakan tashi ya yi aiki, a ranar farko dai. Ciwonsa ɗaya ne: tunda aka haife shi bai taɓa yin kuskure ba. In ya yi abu ya karkace ba ya rushewa, sai ya gina wani a gefe ya tokare shi. Lokacin da yake ginin gidansa ya sa magina suka fitar da wata ƙofa tana kallon kwazazzabo. Da aka nuna masa mutum zai iya buɗewa ya faɗa, bai toshe ƙofar ba, sai ya sa aka ja katanga a bayanta. Tana nan har gobe da fentinta da mabuɗinta, in ka buɗe ka yi ido huɗu da bulo. Matarsa Rocío ma haka ya yi da ita. Ya gaya mata maganar da ba ta faɗuwa a gaban danginta ranar baftismar ɗansu, maimakon ya ba ta haƙuri sai ya sayo mata firji. Ta koma Quito, ta tafi da firjin.

Yayarsa Etelvina ce ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Tun tana yarinya ta shiga ɗaya daga cikin manyan gonakin wardi da suka lulluɓe kwarinmu da leda, tana yankan fure daga safe har yamma. Ƙaya da maganin feshi sun cinye mata tafin hannu, in ta gaisa da kai kamar ɓawon itace ka kama. Da wannan hannun ta biya masa makaranta, ta saya masa kwamfutarsa ta farko da takalmi mai tsini. Da ƙarfi ya fara ja da baya ta ajiye aikin, ta haɗa abin sallamarta da ɗan filin da ubansu ya bari a gangaren Ayora, ta kafa rumfar leda tata ta kanta, ta dasa jan wardi. Ba wata babbar rumfa ba ce, daga wannan ƙarshen kana iya kiran na wancan ba ka ɗaga murya ba. Amma tata ce, kuma ba mai tsaya mata a ka da agogo.

Mai ƙaramar gona irinta, shekararsa a kan yanka biyu take rataye, na ranar masoya da na ranar iyaye mata. A shekarar da nake ba da labari ƙanƙara ta yaga mata leda ta ɓata yankan farko. Don Ulpiano, dillalin da ke kwashe furenta ya kai filin jirgi, ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in na watan Mayu, wato na ranar iyaye mata, bai cika ba zai nemi wata gonar. Ita ma ta san in hakan ta faru rumfar ta tashi.

Ban-ruwan rumfar kuwa Fausto ne ya haɗa shi tun shekarar da aka yi dashe.

Bari in ɗan faɗi yadda aikin yake, kada a ce ƙiyayya ce ke magana. A sana'armu akwai wata dabara mai sauƙi. Kowane ɗan aiki da kake so na'ura ta yi sai ka rubuta shi daban, ka ba shi suna: wannan duba tanki, wannan buɗe bawul ɗin ruwa, wannan zuba taki, wannan rufewa. Ba nan take suke gudana ba. Tara su kake yi cikin jeri ɗaya suna zaune suna jira, in lokaci ya yi na'ura ta ɗauko na farko ta gudanar, ta ɗauko na biye, haka har ƙasa. Daɗin abin shi ne ba a manne suke da juna ba. In ɗaya ya lalace sai ka zare shi ka gyara ka mayar, ko ka jefar da shi. In wurinsa bai dace ba ka matsar. Don a iya cirewa aka ƙirƙiro dabarar tun farko. Fausto rabin karatun ya ɗauka, zubawa kawai ya iya.

Wata Asabar ya gayyace ni in zo in gani, ba don yana son jin ra'ayina ba, don in yaba. Akwatin na'urar yana kusurwar rumfar kusa da tanki. Etelvina ta kawo mana bizcocho, biskit ɗin garinmu, da cuku da kofi, ta koma cikin furenta.

"Duba nan ki ga aiki, Nubia," in ji shi, yana juyo mini da kwamfutar. "Ba irin na tankunan madararku ba."

Aikina ke nan, ina kula da na'urorin wuraren tara madara a ƙauyuka, kuma bai taɓa gajiya da yi mini gori a kai ba. Na ja shafin ƙasa, na ja, na ƙara ja, bai ƙare ba. Rumfa ɗaya, tanki ɗaya, injin ruwa ɗaya, amma jerin ya fi na kamfani tsawo. A sama akwai aikin da ke sauke labulen rumfa da safe, lokacin da ya kamata a ɗaga shi. Can ƙasa akwai wani mai suna sake ɗaga labule. Sauran na ƙasan ko wahalar raɗa musu suna bai yi ba. Akwai gyara, akwai gyara na biyu, gyara na gaskiya, gyara na ƙarshe, sai kuma gyara na ƙarshe sabo.

Da na zo kan na zuba taki sai na ajiye kofina. Injin takin da galan yake awo, shi kuma ya rubuta adadin a matsayin lita. Ma'ana kullum safe furen Etelvina suna shan taki ninkin abin da ya kamata har kusan sau huɗu. Ya gano hakan tun a shekarar farko, da ganye ya fara ƙonewa. Me ya yi? Ya ƙara wani aiki can a gindin jerin, mai sake buɗe ruwa zalla ya yi ta kwarara har ya wanke gishirin takin ya tura shi ƙasa da saiwa.

"Fausto, guba kake ba su da safe, ka ba su makari da hantsi."

"Sun mutu?"

"Ba su mutu ba tukuna."

"To yana aiki ke nan. Abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ba a koya miki haka a makaranta ba? Ko ranar kina can kina neman miji?"

"Layi ɗaya ne. Ka gyara awon, ka cire wankin, ka huta ka hutar da yayarka asarar taki."

"A tsarina ba a cirewa, ƙarawa ake yi. Tsari kamar mutum ne, girma yake yi."

"Maruru ma girma yake yi."

Ya yi dariya ya ce bakina ne ya hana ni ci gaba a rayuwa. Ni kuwa idona yana kan wani aiki da ke zaune a tsakiyar jerin. Ba ya buɗe komai, ba ya rufe komai. Saƙo yake aikawa ta intanet zuwa wayar Etelvina: barka da safiya, tsarin Injiniya Fausto Imbaquingo ya shayar da gonarki. Asali shi ne na ƙarshe, sa hannun mai aiki a ƙasan aikinsa. Duk gyare-gyaren da suka biyo baya a ƙarƙashinsa aka jibge su. Sai ya zamana ɓarna duka tana sama da sunansa, magani duka yana ƙasa.

"In wannan gaisuwar ta gaza fa?" na tambaye shi. "Ba ka rubuta a tsallake ta ba. Na'ura za ta tsaya cak a nan, na ƙasa ko ɗaya ba zai gudana ba."

"Intanet ce za ta gaza? Ke a wane zamani kike?"

Da zan tafi na tsayar da Etelvina a bakin ƙofa na gaya mata komai da maganar da za ta gane. Na ce ta bar ni in zo wata rana in gyara, ba sai ta ba ni ko kofi ba. Ta saurare ni har ƙarshe tana goge almakashinta da gefen zani.

"Ni fure na sani, 'yata," ta ce. "Ku biyu kuka yi karatun, na yarda. Amma in aka ji na kira wani ya taɓa akwatin ƙanina, wa zai ƙara kiransa aiki a garin nan?"

Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, amma ba a ce ka ci abinci da shi ba.

Makon Ista ya shigo, gari ya ɗauki ƙanshin fanesca, miyar da ake yi a wannan makon, kowace mace tana ɓarar wake da masara tana zagin na maƙwabciya. Furen Etelvina sun yi kyau a lokacin fiye da kowace shekara, karan sun miƙe, kawunan sun fara cika. Fausto ya ɗauki wata sabuwar budurwa suka tafi bakin teku, Atacames. Bayan tafiyarsa wata motar madara da ta yi lodi ya yi tsayi ta ja wayar intanet da ta ratsa hanyar Ayora ta tsinke ta. Masu gyara kuwa duk sun tafi hutu.

Washegari ruwa ya zo a lokacinsa, siraran tiyon suka ɗiga, ƙasa ta jiƙe. Saƙo ne bai zo ba. Etelvina ta hau tudu inda waya ke kamawa ta kira shi. A wajenmu ɗan'uwa ñaño ake ce masa, 'yar'uwa kuma ñaña.

"Ñaño, gaisuwar ba ta zo ba yau."

"Ruwa ya zo?"

"Ya zo."

"To me kuma, ñaña? Ki je ki sha kofinki. Kuma kada ki bar kowa ya taɓa mini akwati, balle wannan matar."

Labulen da ya ƙi ɗaguwa ta gani da idonta, ta murɗa da hannu ta ɗaga. Ta kuma lura injin yana yin shiru da wuri, ta ɗauka wani sabon gyaran ne, tunda ya saba. Gishirin da ke taruwa a saiwa shi ne ba ya ganuwa. Kullum safe na'ura tana ɗauko ayyukanta bi da bi kamar yadda aka umarce ta, ta zuba takin, ta rufe bawul, ta zo kan sunan Injiniya ta yi tuntuɓe ta tsaya. Ba laifinta ba ne, abin da aka jera mata take bi.

Sai bayan Ista Etelvina ta kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba, cewa kawai ta yi in zo. Tun daga ƙofa na ga bakin ganyen ya yi ja ya naɗe, wasu sun zube a ƙasa, kawunan furen sun langaɓe. Saman ƙasar ya yi fari-fari. Na buɗe na'urar, ga shi nan kowace safiya a wuri ɗaya take tsayawa. Na gyara awon, na zare gaisuwar, na sakar musu ruwa zalla har yamma. Ihu bayan hari ne, ni da ita duk mun sani.

Fausto ya dawo fuska ta ƙone da rana, da ledar alewar kwakwa a hannu. Ya shiga rumfar yana fito, sai fiton ya tsaya. Ya bi layi ɗaya har ƙarshe, ya dawo ta wani. Ya tsuguna ya ɗebo ƙasa ya murza. Na ga maganar ta zo masa har baki, kuma na rantse a wannan lokacin na ji tausayinsa. Kalma biyu ce kawai, yi haƙuri, kuma yayarsa tana tsaye tana jiran ko da rabinta. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Wa ya tsinke wayar?"

Etelvina ta gaya masa motar madara ce.

"Direban nan sai ya biya. Ni na san inda yake ajiye motar. Kuma ke, Nubia, wa ya ba ki izinin shiga tsarina? Yanzu ta yaya zan san ba ke kika ɓata ba?"

"Buɗe ka karanta. Na'ura ba ta iya kunya ba, balle ta yi ƙarya."

Bai buɗe ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi kuwa gwani ne wajen naɗi. Ya yi ta zagaye yana lissafa masu laifi, daga direba zuwa kamfanin waya zuwa masu tafiya hutu lokacin da jama'a ke bukatarsu, shi da yashin teku bai gama fita daga takalminsa ba. Can ya tsaya, fuskarsa ta washe.

"Na samo. Kada ki damu, ñaña, wannan ba zai sake faruwa ba. Zan ƙara wani aiki a ƙarshen jerin, mai duba ko duk na sama sun gudana. In ba su gudana ba ya sanar da ni."

"A ƙarshe," na ce.

"A ƙarshe mana."

"In na'ura ta tsaya a tsakiya, wa zai je ya taso shi? Kai daga Atacames?"

Etelvina ta karɓi ledar alewar daga hannunsa, ta ce mu daina, ta tambaye shi ko ya ci abinci a hanya. Ta shiga ta ɗumama masa miyar dankali, ya zauna ya cinye, har da ƙari. Ni na kasa ci, na tafi gida raina a ɓace.

Ya je wajen direban kamar yadda ya yi alkawari. Direban ƙato ne, don haka maganar ba ta yi tsawo ba.

Da lokacin yanka ya zo Don Ulpiano ya iso da motarsa mai sanyi. Mutum ne mai kirki daidai gwargwado. Ya zaga, ya gwada tsawon kara da sandarsa, ya murza kan fure ɗaya ya ga yadda ya tsaya ƙarami, bakinsa a ƙone. Bai yi faɗa ba. Ya cire hula ya ce, "Doña Etelvina, ko na ɗauka can za su zubar." Ya sha kofi a tsaye don kada a ce ya ƙi, motar ta juya babu komai a ciki. Abin da ya ɗan yi kyau ta zuba a bokiti ta kai ƙofar maƙabarta, inda masu kai wa iyayensu mata fure ba sa duba tsawon kara. Saiwar da yawa ta riga ta ƙone, sai an tuge an sake dashe, sabon dashe kuma sai ya daɗe kafin ya ba da abin yanka. Ba ta da ƙarfin wannan jiran. Kafin bikin San Pedro na ƙarshen watan Yuni wani maƙwabci ya saye ledar da injin da tankin, ya karɓi hayar filin ya shuka albasa.

Fausto bai rame ba. A gari labarin da ya bayar shi ne tsarinsa ya yi shekaru yana aiki lafiya sai da wata ta sa hannu. Wasu sun yarda, don mai mota da rubutu a ƙofa ya fi mai yawo a bas kama da gaskiya. Kwanaki na same shi a shagon bizcocho ya baje a kujera, ya kira ni da ƙarfi don kowa ya ji.

"Nubia, kin ji labari? Babbar gonar nan ta hanyar Tabacundo ta kira ni in duba musu ban-ruwa. Rumfuna sai ido ya gaji. Suna ne, 'yar'uwa, suna ba ya ɓuya. In kina so zan ɗauke ki riƙon tsani."

Na tambaye shi Etelvina. Ya ce ai ta gaji da zama ne, ita mace ce mai son motsa jiki, ta koma yanka don ta ɗan warware.

Da sassafe na gan ta a bakin titi, a layin masu jiran bas ɗin wannan babbar gonar, cikin 'yan matan da ta haifi irinsu. Ta sa takalmin roba da rigar kamfani da ta yi mata yawa, sanyin dutse yana kaɗa ta. Na tsaya muka gaisa. Na ce na ji an kira ƙaninta aiki a wurinsu, kuma ina mamakin wanda ya kai sunansa. Ta kalli titi, ta gyara ƙullin abincinta.

"Ni na yi wa mai kula da mu magana," ta ce.

"Doña Etelvina, bayan abin da ya yi miki?"

"In bai yi aiki ba wa zai ci da shi, 'yata? Ni ce dai. Kin san shi, na san shi." Bas ɗin ya taho, layi ya fara motsi, ta ɗauki ƙullinta. "Tasu gonar babba ce, za ta iya ɗaukarsa. Tawa ce ta yi masa ƙanƙanta."